Tsohuwar da ta matse mana inabi

A shekarata ta biyu ina tuƙi a wani gida cikin Unguwar Ofisoshin Jakadanci a Riyad, uwargida ta ce in kai ta filin jirgi na Sarki Khalid mu ɗauko mahaifiyarta. Ita da mijinta Turawa ne, ma'aikatan jakadancin ƙasarsu. Na zaci zan ga wata hamshaƙiya. Sai ga 'yar guntuwar tsohuwa tana ɗingishi, tafin hannunta duk kanta kamar na mai surfe. Manomiyar inabi ce, ba ta jin Turanci balle Larabci.

Tun ranar da na kama aiki na gaya wa maigida cewa komai zan ɗauka, ban da giya. Su doka ta yarje musu ajiye ta a gida, da yake jami'an jakadanci ne kuma ba Musulmi ba. Bai ja da ni ba. In za a sayo, shi yake tuƙa kansa. Wata rana ya dawo da kwalin giya a bayan mota, aka kira shi a waya ya shige ciki. Tsohuwar ta yafito ni, ta nuna kwalin. Na girgiza kai. 'Yar ta fito ta yi mata bayani, ni kuwa na tsaya ina jiran ɓacin rai. Tsohuwar ta dube ni, ta gyaɗa kai, ta shiga zare kwalaben tana kaiwa ciki da kanta, da wannan gwiwa tata. Ba ta ƙara neman in taɓa ba.

A mota na san tarihinta, tana faɗa 'yar tana juya mini. A ƙauyensu, in ji ta, ba a zama cin abincin rana babu ɗan jan ruwan nan, giyar inabi, a kofi. Maƙwabta kan zo gonarsu da jarkokinsu a zuba musu mai araha, ta cin abincin yau da gobe. Dillalai sun sha lallashin marigayi mijinta ya koma yin mai tsada ta manyan otal, ya ƙi, ya ce to masu jarka fa, ina za su? Bayan rasuwarsa ta riƙe gonar a haka. Shi ya sa ko a Riyad, in surukinta ya buɗe ta alfarma don baƙi, ita mai arahar take sa a zuba mata rabin kofi, ba ta ƙarawa.

Ban taɓa jin sha'awar abin ba, har yau kuma ina nan a kan akidata. Amma na san irin wannan hali a tsofaffinmu na gida, masu ƙin juya wa talakan ciniki baya.

Abin da ya dame ta shi ne a zauna a teburi ana sha, wanda ya yini yana yawo da su bai ɗanɗani inabi ba. Wata Alhamis ta sa na kai ta kasuwar kayan marmari. Ta wuce nonnan inabi masu sheƙi, ta tsaya kan warwararrun da ake tarawa a gefe a sayar da araha. Ta ɗanɗana ɗaya, ta sa aka cika mata leda. A kicin ta wanke, ta murje da hannu, ta tace da farin ƙyalle, ta cika gora ta miƙo mini.

"Mama ta ce a shanye yau," in ji 'yar. "In ya kwana biyu zai fara juyawa, ya zama abin da ba ka sha."

Na ce a gaya wa Mama na gode, Allah ya saka.

Mu huɗu ne a ɗakinmu na unguwar Al-Badi'a, direbobi biyu da magina biyu. Da suka ji daga gidan da gorar ta fito, kowa ya ja baya. Babbanmu, wanda ya yi karatun littattafai a Zariya kafin ya zo, ya shinshina, ya tambaye ni ko a gabana aka matse. Na ce ƙwarai. Ya ce ruwan inabi ne kawai, ya yi bisimilla ya kurɓa. Kafin a tashi daga cin shinkafar kabsa gorar ta ƙare.

Daga nan kowace Alhamis sai an tambaye ni ko Mama ta aiko. Mutanen ɗakin da ke kusa da namu suka ji labari, gora ɗaya ta daina isa. Da na gaya mata, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe ko'ina akwai masu jarka. Ta sa na tsaya kusa da ita na ga yadda ake zaɓe da yadda ake murzawa kada a fasa 'ya'yan ciki su kawo ɗaci.

Da zafi ya fara tsananta ta koma gida, ta ce lokacin duba kurangar inabinta ya yi, ba ta yarda da aikin 'yan ƙodago in ba ta wurin. Ba ta sake zuwa ba. 'Yar takan nuna mini hotonta a waya, tsaye cikin gona da almakashi a hannu, fuskar nan a murtuke saboda ba ta son a ɗauke ta hoto tana aiki.