Dabino Uku da Na Ci a Kan Baraka

Kakata Iya Dije ba ta son hayaniya idan za ta ba da labari. Lokacin ɗari, da an sallame magariba, sai ta sa a tara karan gero a ƙofar ɗakinta a hura wuta, ta zauna kan buzu da mazarinta tana kaɗi. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya cusa ƙafafu cikin zane. A Illela ne, ba a daɗe ba da zuwan Nasara. Babana bafatake ne, yana kai gero arewa ya sauko da gishiri da kanwa. A shekarun nan aka kafa alamun iyaka, aka ce nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransi, alhali rijiya ɗaya muke sha da mutanen can.

A gidanmu akwai wata baiwa, Baraka. An kamo ta daga kudu tun tana ƙarama, ko sunan garinsu ba ta iya tunawa. Ita ke daka, ita ke ɗebo ruwa, ita ce kuma ke tura kara cikin wutar nan, da 'yarta Ladi a goye. Ba ta zama kan tabarma. Tsugunne take sauraro.

Labarin da Iya ta fi so shi ne na Annabi Adamu da Hauwa'u. Takan ce wannan ƙissa ce, ba tatsuniya ba, don haka kowa ya gyara zama. An ba su Aljanna duka, itace ɗaya tak aka hana su. Iblis ya yi ta yi musu daɗin baki har suka ci. Suturarsu ta zube, suka rarumi ganye, aka sauko da su duniya, kowa a nasa wuri, nesa da juna. Iya ta iya jan wannan gaɓar. Ta faɗi yadda ƙaya ta fara sukar ƙafar Hauwa'u, da yadda ta fara jin yunwa ba ta san sunan abin da ke cinta ba. Sai ta ajiye mazari.

"Amma Ubangiji bai yashe su ba," in ji ta. "Tun ran da sunka sauka yay yi musu alkawari. Za shi aiko wanda za shi nuna musu hanyar komawa gida. Wanda duk yab bi shi, ba tsoro, ba baƙin ciki."

Wata rana Baraka, wadda ba ta taɓa tanka labari ba, ta ɗago kai.

"Iya, alkawarin ga, har da mu?"

Iya ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ma ɗiyar Adamu ta. Amma kowa da mazauninai. Tura kara."

A kasuwa ana ta raɗe-raɗin cewa Nasara sun hana saye da sayar da mutum, kuma bawan da ya kai kansa Sakkwato ana iya ba shi takardar 'yanci. Baraka ta haɗa wannan da abin da take ji a bakin wuta. Na sani, don ta taɓa raɗa mini muna hanyar rijiya cewa Allah ya buɗe ƙofa. Na kuma ga tana ƙus-ƙus da wata Bafillatana mai kawo nono daga rugar da ke bayan Gidan Katta. Shekaruna ba su wuce takwas ba.

Da safiyar wata Lahadi aka tashi ba Baraka, ba Ladi. Babana ya aika mutane ta ko'ina, suka dawo hannu wofi. Iya kuwa ba ta tashi daga buzunta ba. Ta kira ni, ta kwance bakin zanenta, ta jera dabino uku a tafin hannu.

"Hajo, ke ce ka bin ta rijiya. Mi kinka gani?"

Ba ta dake ni ba, ba ta tsorata ni ba. Dabinon kawai nake so. Na faɗa mata zancen Bafillatanar da rugarsu, na karɓa, na cinye a tsaye.

Kafin la'asar aka shigo da Baraka, igiya a wuyanta, leɓenta a fashe. Babana ya sa aka ɗaure ta a turken jaki, aka yi mata bulala har na daina ƙirgawa. Aka ƙwace Ladi aka miƙa wa mahaifiyata. Da magariba Iya ta sa aka hura wuta kamar kullum, kuma ƙissar nan ta zaɓa. Ta ɗaga murya yadda za a ji daga turke, ta daɗe a kan sakamakon wanda aka hana shi abu ya ƙi hanuwa. Ran nan ba ta kai ga alkawarin ba. Daga can wurin jakuna muka ji Baraka ta ƙarasa mata shi, a hankali, kalma bayan kalma, yadda Iya ta saba faɗa. Babu wanda ya motsa. Iya ta ce a kashe wuta.

Washegari babana ya ƙetara da Baraka iyaka, inda dokar Ingilishi ba ta kai ba, ya ba wa wasu masu raƙuma ita. Ya dawo da gishiri. Ladi ta yi kwanaki tana kuka, nono kawai take nema. Har yau ban san inda Baraka ta ƙare ba.

Na girma ina ƙin jin wannan ƙissa. Na ɗauka alkawarin ne ya yaudari Baraka. Sai da na yi aure, na haihu, na binne 'ya'ya biyu, sannan na fara ganin abin ta wata fuska. Iya ta haddace labarin, amma ba ta taɓa jin tana bukatar a cece ta daga komai ba. Baraka ce ta gaskata shi, ta riƙe shi har a bakin turke. Ni kuma na san dalilin da ya sa aka yi alkawarin bayan an ci, ba kafin a ci ba. Don irina aka yi shi. In babu shi, ban san abin da zan tsaya da shi gaban Allah ba.

Ladi ta tashi a gidanmu, aka aurar da ita a garin Garu. Sai da furfura ta cika mana kai duka biyu na iya zuwa wurinta na faɗa mata abin da na yi. Tana tankaɗe, ba ta dakata ba.

"Na sani tun ina yarinya," in ji ta. "Iya ta gaya min da bakinta, don kada in shaƙu da ke."

Na ce ta yafe mini.

Ta kakkaɓe rariya. "Yaya, ba zan yi miki ƙarya ba, ban kai nan ba tukuna. Ina roƙon Allah shi kai ni." Ta tura mini kujera da ƙafa. "Zamna. Rana ta yi, ba ki komawa Illela da yunwa."