Injin Feshin Baba

Ƙamshin jiƙaƙƙen siminti ne ya tarbe mu tun daga bakin shagon sayar da injina, irin ƙamshin ƙasa idan ruwan farko ya sauka, sai dai shi yana da ɗan kaifi a maƙogwaro. Da safiyar ranar an gwada wa wani mutum injin feshin siminti a bangon bayan shagon, ko tiyon ba a wanke ba. Na ga Baba ya tsaya ya ja dogon numfashi. Rabonsa da wannan ƙamshi tun rasuwar Kawu.

Kawu ba ɗan'uwan Mama ba ne, ba kuma na Baba ba. Mutumin Filato ne, abokin aikin Baba tun kafin a haife ni, mu dai mun tashi muna ce masa Kawu. Filasta suke yi su biyu. Kawu bahago ne, don haka sukan raba bango, shi ya faro daga wannan kusurwa, Baba daga waccan, su haɗu a tsakiya. Ina ƙarama idan na kai musu abinci nakan zauna a kan bulo in saurari cokulansu na filasta, wannan ya ce fat, wancan ya amsa, a tsakani kuma hira ba ta yankewa. Gardamar ƙwallo, tsadar siminti, wa'azin Lahadi da ya yi tsawo. Kawu ya ce gefen Baba ya karkace kamar bakin mai shirin kuka, Baba ya ce hannun da ba a yarda ya ci tuwo ba, ina shi ina bango.

Ciwon Kawu bai daɗe ba. Aka kai shi ƙauyensu aka binne. Baba ya dawo gidanmu na Mahuta a Kaduna ya jefa cokalinsa a cikin kwanon sarki, ya daina fita aiki, ya daina magana sai ta dole. Mama tana tafiya kasuwar Sabon Tasha tun da sassafe, sai yamma. Ni kuma na gama jami'a ina jiran kiran bautar ƙasa, ƙawayena duk sun watse. Mu biyu muke wuni, shi a kujera a gindin mangwaro, ni a bakin taga da littafin da ba na karantawa. Nakan shirya abin da zan ce masa tun daga ɗaki, in na iso gabansa sai in tambaye shi ko zai sha ruwa.

Ana haka ɗan kwangilar da suka saba yi wa aiki ya aiko. Yana da jerin gidaje a bayan Sabon Tasha suna jiran filasta, kuma ya gaji da jira. Ko Baba ya nemi sabon abokin aiki, ko ya sayi injin feshi da zai yi aikin mutum biyu, in ba haka ba a ba wani. Mama ta ce mini a kicin, idan aikin nan ya kuɓuce, babanki ba zai ƙara tashi daga kujerar nan ba. Maganar sabon abokin aiki kuwa, Baba ko jin ta ba ya son yi.

Washegari ya kira ni.

"Ke mai boko, duba mana injin nan a wayarki."

Na riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Na karanta duk abin da na samu. Na gane akwai mai aiki da lantarki, akwai mai shan dizal. Na koyi cewa sai an duba girman yashin da bakin feshin zai iya wucewa da shi, don yashin kogi in ba a tankaɗe ba toshe tiyo yake yi. Sai an duba ko tiyon zai kai bene, ko ana samun kayan gyaransa a gari. Na tsayar da raina a kan mai lantarki. Ya fi sauƙin ɗauka, ba hayaƙi, kuma wurin ginin akwai babban janareto can nesa da gidajen. Waɗannan su ne dalilan da na faɗa. Wanda ban faɗa ba shi ne ba shi da ƙara. Na riga na ga kaina zaune a kan bulo kamar da, ina yi wa Baba surutu, wata rana ya shagala ya amsa mini.

Mai shagon a Makera mutumin Binuwai ne, gajere, mai fara'a. Da ganin Baba ya taso.

"Baba, kwana biyu! Ina oganka bahago?"

"Ya riga mu."

Fara'ar ta gudu daga fuskarsa. Ya yi gaisuwa, ya sa aka kwaɓa siminti, muka zagaya baya.

Aka fara da nawa, mai lantarki. Da aka kunna shi sai ya ɗauki wani ɗan gurnani kamar firij.

"Ka ji ko? Wannan ko jariri na barci a gefe ba zai motsa ba. 'Yarka ta san abu, Baba. Kuɗin makaranta bai faɗi ƙasa ba."

Baba ya karɓi bakin feshin. Kwaɓin ya fita sumul ya kwanta a bango, layi bisa layi. Wurin ya yi tsit har ina jin rediyon mai shayi a ƙetaren titi, da wata kaza tana tono a bayan buhuna. Baba ya kai tsakiyar bangon, ya tsaya. Ya kalli ɗaya kusurwar, inda babu kowa.

"Kashe," ya ce. "Kunna wancan."

Mai dizal ya tashi da wani irin ruri, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin takalmina. Kazar ta tsere. Mai shago ya matso yana ihu.

"Wannan fa maƙwabta za su zage ka har kakanka!"

Baba bai ji shi ba. Ya juya mana baya yana feshi, ya wuce tsakiya, ya kai har ƙarshen bangon. Na ga kafaɗunsa sun sauko. Da aka kashe, kunnena yana ta ƙugi.

"Shi zan ɗauka."

"Baba, ya fi nauyi. Ga shan mai, ga hayaƙi. Ko magana ba za a ji ba."

"Aiki za a je yi," ya ce.

Aka ɗora injin a akori-kura, muka bi shi a baya a cikin keke. Har muka isa Mahuta ban juyo daga kallon titi ba.

Aikin bai kuɓuce ba. Baba ya ɗauki lebura mai kwaɓa masa, yana fita da safe ya dawo da farin gashi da farar gira. Mama ta yi godiya a coci. Sau ɗaya na kai masa abinci. Na tsaya a ƙofar ɗakin da yake fesawa na kira shi, na sake kira, muryata ko ni ban ji ta ba. Na ajiye kwanon a kan bulo na koma gida. Da kiran bautar ƙasa ya zo, na tafi ina ganin Baba ya zaɓi abin da zai raba shi da kowa, har da ni.

Sai bayan shekaru, na dawo Kaduna da aiki, na haɗu da leburan nan a tashar Sabon Tasha muna jiran mota. Ya tambaye ni lafiyar Baba, ya yi dariya.

"Baba sarkin surutu!"

"Babana?"

"Shi fa. Da an tayar da inji bakinsa ba ya hutawa, mu dai sai mu ga leɓe na motsi. Wata rana mai ya ƙare, inji ya mutu kwatsam, sai muka ji shi da ƙarfi yana cewa, gefenka ne ya karkace, bahago. Ya waiwayo ya gan mu. Daga ranar nan, kafin a fara aiki, shi da kansa yake duba tankin mai."