Tukubar Baba a Gorton

Shekarar da aka yi wa Baba aikin gwiwa a Manchester, ciwon ya warke amma mutumin ya ƙi dawowa yadda yake. Yana zaune bakin taga a gidanmu na Gorton, yana kallon yayyafi, abinci loma biyu ya ture. Likita ya ce babu komai a jininsa. Ni kuwa wallahi tsoro nake kada ya ƙare a hannuna a ƙasar mutane.

Baba shekara arba'in yana sana'ar tsire a Kano. Sai matata ta ce, "Ka gasa masa nama mana, ko ƙamshin zai taso shi."

Ni da iyayi! Sati biyu ina zaɓen abin gashi, mai gawayi ko mai gas, mai murfi ko marar murfi. Har Birmingham na tuƙa mota, na ɗauko wani ƙato mai gas, baki huɗu, da agogon zafi a goshinsa. A hanya ina ta mafarkin yadda zai yaba.

Ya dogara sanda ya fito filin da ke bayan gidanmu, ya zagaya shi sau ɗaya. "Kai, wannan motar ina za ta kai mu?" Ya taɓa wayar da ake ɗora nama a kai. "Ashe ka manta. Tsire ba a kwantar da shi a kan wuta, a gefenta yake tsayawa."

Ya sa na juye yashin wasan yara a tsakar wurin, na tara shi tudu, na kwarfe tsakiya na zuba gawayi. Tukuba ke nan, irin wadda na tashi ina gani. Shi ya yanka naman falle-falle, ya tsire, ya barbaɗe da ƙuli, ya kafa tsinkayen a kewaye. Hayaƙi ya riƙa tashi a hankali yana ratsa katangun maƙwabta, ni kuma na rasa ko a Gorton nake ko a bakin kasuwa ina ɗan shekara bakwai. Hannunsa na juya tsinke bai ko kalla ba.

Tsinke uku ya ci, da albasa. Ya suɗe yatsa, ya yamutsa fuska.

"Ƙulin nan ya kwana biyu. Gobe ka nemo sabo, mu sake."

Wata biyu ban ji ya ambaci gobe ba. Na ce to Baba, na shige kicin na yi kukana.