Na Je Doha Kallon Mutum Ɗaya

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da kawuna, kuma ƙarfe shida da minti ashirin da biyar daidai abubuwa suka fara karkace mini. Mun ɗan wuce Kateri ke nan na buɗe jaka don in taɓa littafina in ji sanyi a raina, sai na ga ba shi na ɗauko ba. Littattafan rubutu biyu gare ni masu shuɗin bango iri ɗaya. Wanda ya biyo ni shi ne na darasin tsara littattafai a laburare, wato abin da nake karantawa a jami'a. Wanda na shekara biyu da 'yan watanni ina cikawa kuwa yana can gida a kan rediyon Baba. Kawu ya ce ko direba ya juya. Na ce a'a, da murya ƙasa-ƙasa, don ba ni da fuskar da zan sa a juya mota saboda littafi.

Bari in gaya muku abin da ke cikinsa, ku da kuka saba ganin ina sa hotunan laburare kawai a shafina. Baba tsohon mai tsaron gida ne. Ya tsare wa ƙungiyar masaƙar da ya yi wa aiki raga tun kafin a haife ni, ya kuma ajiye safar hannu yana kan ganiyarsa. Tun ina ƙarama nake tambayarsa dalili, shi kuwa sai ya ƙara wa rediyo murya. Daga baya ciwon suga ya cinye masa gani. Da aka rufe makarantu lokacin korona na dawo gida, sai na zama idonsa. Da ƙwallo ta dawo ba 'yan kallo, Baba ya fi kowa murna, domin a fili marar mutane ana jin muryar mai tsaron gida tar. A wani wasan ƙarshe na kofin ƙasar Portugal da muka samu a waya ya ɗaga hannu ya ce in yi shiru. Ya ce wannan golan da ke magana, ko wane ne, yana tsara 'yan bayansa kamar wanda ya shekara goma a raga.

Na bincika na gaya masa cewa matashi ne, kuma a lokacin shi ne na biyu a kulob ɗinsa, wasannin kofi kawai ake ba shi. Da Baba ya ji kulob ɗin a arewacin ƙasarsu yake, sai ya raɗa masa suna Ɗan Arewa, kuma da shi zan kira shi a nan. Daga ranar na buɗe masa littafi. Na rubuta cewa a wata ƙasar Turai aka haife shi, iyayensa suka koma gida da shi yana ƙarami, ya shiga makarantar horon kulob ɗin, ya yi ta hawa mataki-mataki har ya ci kofuna da matasan ƙasarsa. Muna tare da shi ya bar benci ya zama na ɗaya, suka ci gasar ƙasa. Muna tare da shi aka fifita shi a kan tsohon golan ƙasar a wasannin neman gurbin zuwa kofin duniya. Makonni kaɗan kafin tafiyata ya tare fenareti a wasanni uku a jere a gasar Turai, Baba ya ci tuwo malmala biyu a daren na ukun.

To da yayata, wadda take aikin likita a Doha, ta samo mini tikitin wasan Portugal da Ghana, Baba bai ce in sayo masa komai ba. Aike ɗaya ya ba ni. Ya ce kyamara ƙwallo take bi, ni kada in bi ta. "Ki kalli Ɗan Arewa kawai," in ji shi. "Ki gano mini ko yana waiwayawa kafin ya ajiye ƙwallo a ƙasa. Abin da talabijin ba ta taɓa nuna miki ba ke nan."

Hanyar Abuja muka bi da mota don jirgin ƙasa bai dawo aiki ba a lokacin. Ramuka da shingaye ba su bari kowa ya yi barci ba, sai Kawu. A jirgin sama na juya littafin darasin ta baya, na fara sake rubuta tarihin Ɗan Arewa daga kaina. Kafin mu sauka na cika shafi bakwai, na kuma gane cewa na haddace abin ban sani ba.

Yayata tana zaune a Bin Omran, unguwa mai tsofaffin gidaje da ƙananan shaguna, inda wanki ke rataye a baranda kamar a Tudun Wada. A ƙasan gidansu akwai mai shayin karak, shayi mai kauri da madara da ƙamshi, kofi ɗaya riyal ɗaya. Mota za ta tsaya ta yi hon, a miƙo shayi ta taga. Na sha har yayata ta fara maganar suga irin ta likitoci. Shawarmar wurin ta fi ta gida nama, ta gaza ta yaji, don haka ƙullin yajin da Mama ta cusa mini ya yi rana. A shagon wani ɗan Indiya na sayi sabon littafi, wannan karon mai jan bango, na ja layi biyu da rula: ya waiwaya, bai waiwaya ba.

Da katin 'yan kallo shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa kyauta ne, saboda haka muka yi ta yawo. Unguwar West Bay benaye ne na gilashi, an liƙa wa wasu hotunan 'yan wasa tun daga sama har ƙasa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman masu safar hannu, na ga ba su da yawa. Ana gobe wasa mijin yayata ya kai motarsa gareji a Sanaiya, unguwar bita da rumbunan kaya, muka raka shi. Kanikawan 'yan Zangon Ghana ne, Hausa a bakinsu raɗau. Da suka ji daga Najeriya muke, babbansu ya goge hannu ya tambayi Kawu ko mun zo gasar ne ko mun zo rakiya, tunda su ne suka hana Najeriya zuwa. Kawu ya ce ya zo ne ya ga yadda za a rama masa. Da aka tambaye ni wa nake goyon baya, sai na kama kallon tayar mota.

Filin wasan a bakin teku yake, an gina shi da kwantenonin jirgin ruwa masu launi-launi, kana hango fitilun West Bay a tsallake. Kujerata tana bayan raga, su Kawu suna can layuka da yawa sama da ni. A gefena wata mata ce 'yar Kumasi, ta kai sa'ar Mama, ta ɗaura tutar Ghana a kan mayafi. Ta ce shara da goge-goge take yi a wani otal, kuma ta yi musayar hutunta na mako biyu kafin ta samu wannan yammacin. Irin Hausarsu take yi, wadda mace ma "kai" ake ce mata. Ta dubi littafina da rula ta ce, "Malama, ka zo kallon bal ne ko ka zo jarrabawa?" Na yi murmushi kawai. Ta ba ni dabino, ta ce in ci ko bakina zai buɗe.

Na yi abin da aka aiko ni. Kafin hutun rabin lokaci Ɗan Arewa yana can nesa, ɗan ɗigo mai launi dabam, amma bayan hutu ya dawo gabanmu, har ina jin tafin safar hannunsa. Ashe mai tsaron gida ba ya tsayawa. Ƙwallo tana can ɗaya gefen, shi yana nan yana matsawa dama da hagu kamar an ɗaure shi da ita da zare. Yana nuni, yana kira, yana taka layin gidansa da ƙafa. Duk lokacin da ya riƙe ƙwallo sai in zuba wa wuyansa ido, in sa alama a layin da ya dace. An ci ƙwallaye biyar a wasan, Portugal uku, Ghana biyu, kuma uku daga ciki ban ga shigarsu ba, ihun mutane ne ya gaya mini. Ban damu ba. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba.

An ƙara lokaci mai tsawo. Can dab da tashi ƙwallo ta zo hannunsa, ya rungume ta, kowa ya fara tattara kaya. Na ce a raina an gama. Ni kuwa ba na iya barin jadawali ba jimla, ko a laburare haka nake, sai na rufe lissafin rana kafin in tashi. Na sunkuyar da kai na fara ƙirga alamomin layin farko. Ina tsakiyar ƙirga filin ya ɗauki wata irin ƙara, matar nan ta damƙi kafaɗata har biro ya faɗi. Da na ɗago, abin da na gani shi ne ɗan wasan Ghana a ƙasa, ƙwallo tana gangarawa, 'yan bayan Portugal sun yi kanta sun fitar. Ba a jima ba alƙalin wasa ya busa tashi.

Ban taɓa fara yi wa baƙo magana ba in ba dole, amma ranar na kama hannunta na ce, "Inna, don Allah me ya faru?"

Ta dube ni kamar za ta yi kuka, kamar za ta yi dariya. "Kai da ka kalle shi tun farko? Ɗanmu ya laɓe a bayansa. Golanka ya ajiye bal, bai duba baya ba. Ɗanmu ya zo ya ɗauke, sai santsi ya kwashe shi. Khalas, shi ke nan."

Abin da aka aiko ni gani daga Kaduna ya faru taku kaɗan daga inda nake, ina ƙirga. Abin da ya rage mini shi ne na bayansa, shi kuwa na kalle shi da kyau. Ɗan Arewa bai yi murna ba ko da yake sun ci. Ya tsaya kamar wanda mota ta wuce ta gabansa da gudu, abokan wasansa suna zuwa suna dafa shi suna yi masa magana a kunne. Matar ta ɗauko mini birona, ta share hawayenta da tuta, ta ce, "Yalla, maza, Malama, rubuta wannan ma."

Sauran kwana huɗun da na yi a Doha masu daɗi ne. Mun je tsohuwar kasuwa na sayo wa Mama turaren wuta, mun zauna a bakin teku da yamma, na ƙara shan karak a ɓoye. Amma na kalli wancan lokacin a waya ya fi sau ashirin, har na iya ba da labarinsa kamar na gani da idona. Babu wanda zai gane. Da wannan tunanin na hau jirgi, da shi na sauka, da shi muka sake bin ramukan hanyar Kaduna.

In kun tambaye ni abin da tafiyar ta koya mini, ba shi da yawa. Na gane abin da na rubuta da hannuna yana kaina ko littafin ya biyo ni ko bai biyo ni ba. Na gane ana iya yi wa baƙo magana a rayu. Na kuma gane jimla tana iya jira a busa tashi.

Na tarar da Baba a tsakar gida bayan la'asar, littafin shuɗi yana nan a kan rediyo inda na bar shi. Ya riga ya ji komai daga masu sharhi. Bayan gaisuwa ya ce, "To, 'yar aike, kin gani?"

Na ce, "Baba, ban gani ba. Kaina yana ƙasa ina haɗa jimla."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce in karanta masa abin da na gani ɗin. Na buɗe jan littafi na karanta masa zaren da ke tsakanin gola da ƙwallo, da takun layi, da yadda ya tsaya bayan an tashi. A nan ya daina dariya. Ya sa na maimaita wurin sau biyu, yana murza tafin hannunsa a gwiwa. Na ga hannunsa bai nufi rediyo ba, sai na yi ƙarfin hali na sake yi masa tsohuwar tambayata, na ce me ya sa waiwaye kawai ya aike ni gani, kuma me ya sa ya bar raga.

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, "Ni ma ban waiwaya ba, uwata. Sai dai ni wanda ya laɓe a bayana bai zame ba."