Gwaiduwar Ƙanwata

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in ta so ta ƙawata abin ta ce "ke wagga". Kunyar ɗan fari ce, kowace uwa haka take yi a Karare a wancan lokaci, amma wa zai zaunar da 'yar shekara takwas ya yi mata wannan bayani? Abin da idona ya gane mini shi ne, yara biyu da suka biyo bayana ba su zauna ba, sannan aka haifi ƙanwata aka sa mata sunan mahaifiyar Inna. Sai ga matar da ba ta iya faɗin sunana tana rera "uwata, uwata" tun safe har rana ta faɗi. Ina jin ta, ina surfe, ina cika ina batsewa.

Ƙanwata ba ta kai lokacin yaye ba Inna ta sami wani ciki, dole aka cire ta daga nono. Wata biyu tsakani yarinya ta lalace. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafu suka kumbura, 'yar tafiyar da ta fara ta daina, ta koma jan gindi. Tamowa ce, in ji manya. Ni kuwa ga ni nan duma-duma a kan tuwon dawa da miyar kuka, ko mura ba ta kula ni.

Kaka, mahaifiyar Baba, mutuniyar Ruma ce, kuma ita ke da gidan, ko Baba sai abin da ta ce. Ita ta fara ɗaukar aikin jinyar. Kullum da safe a dama kunun gyaɗa da tsamiya, a jefa man shanu har ya taso yana maiƙo. Da rana a kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli mai laushi. In Baba ya ci kasuwar Batsari ya taho da 'yar hanta a ganye, a gasa, a daddatsa mata. Zumar da ke rataye a ɗakin Kaka, wadda ko kallonta na yi sai an tambaye ni me nake nema, ita ma aka sauko da ita. Duk wannan na mutum ɗaya ne, kuma mutumin nan sai an yi ta lallashi kafin ta buɗe baki. Ni da bakina yake a buɗe ba wanda ya tambaya.

Da abin ya ƙi, Baba ya ɗora Inna da yarinyar a jaki suka tafi Safana. Zamanin Turawa ne, akwai ɗan asibitin En'e a can, an kuma ce wata Baturiya ta zo rangadi tana duba yara. Kwana biyu suka yi. Suka dawo da kwalbar man kifi, cokali ɗaya kullum, da kuma umarnin malamin asibiti: a dafa mata ƙwai ɗaya kowace rana, ta cinye, musamman gwaiduwar.

Kaka ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta ce wannan kam warinsa ma ya isa magani, a ba ta. Da aka zo kan ƙwai sai ta ajiye carbinta.

"Ƙwai? Ɗiya ƙarama? So kuke ku rainar mani ɓarauniya a gida?"

A wurinmu yaro ba ya cin ƙwai. An ce in ya ɗanɗana zai tashi da sata. Baba ya sosa ƙeya ya fita. Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Iya."

"To" ɗin nan ta baki ce kawai. Damina ta sauka, zabin Inna sun fara saka ƙwai a cikin ciyawa bayan gida. Washegari ta jefa ƙwai ɗaya a tukunyar ruwan kunu, ta tsame, ta ƙunshe a bakin zane, ta yafito ni.

"Ke, kai uwata bayan rumbu ki ba ta. Ki tabbata ta cinye. Kar Iya ta gani."

Wannan ne sirri na farko da Inna ta taɓa haɗawa da ni. Na ji daɗi har cikin raina. Ban kai bayan rumbu ba daɗin ya juye, don na tuna sirrin ma ba nawa ba ne, na uwata ne.

Ranar farko na ba ta duka. Rana ta biyu na lashe ɗan abin da ya maƙale a yatsana. Wanda bai taɓa cin gwaiduwar ƙwan zabo yana ɗan shekara takwas ba, ba zai gane abin da na ji ba. Rana ta uku muka raba biyu. Kafin mako ya zagayo na tsara mana doka: in ɓare, in raba, in miƙa mata farin in ce "wannan naki", in ɗaga gwaiduwar in ce "wannan na Yaya". Har dariya take yi, ta ɗauka wasa ne. Ni kuma ina gaya wa kaina ai tana da zuma, tana da hanta, tana da Inna. Don na ɗauki abin da bai fi goro ba, me na rage mata?

Kishi ba shi da hankali, na shaida. Har man kifin nan na yi wa kishi. Na taɓa satar lasa, na kusa amayar da hanjina, amma duk da haka in na ga Inna ta ɗora ta a cinya tana jijjiga ta, tana "haɗiye, uwata, haɗiye", sai in ji da ma ni ce ake ɗura wa. Na tsaya cikin ruwan sama don in kamu da zazzaɓi, ban ko yi atishawa ba. Na shafa toka a fuska na kwanta a ƙofar ɗaki ina nishi. Inna ta tsallake ni da ƙwarya a hannu ta ce, "Ke, tashi ki wanke jikinki."

Tun noman farko muke haka har gero ya fara fitar da kai. Yarinya ba ta mutu ba, ba ta kuma tashi ba. In aka danna ƙafarta da yatsa ramin sai ya zauna. Wata rana na tarar da Inna tana daka, ga tsohon ciki, hawaye na zuba cikin turmi ba ta ko share ba. Na san yaran nan biyu take tunawa. Zan so in ce daga ranar na daina. Washegari ma na ci.

Ranar da asirina ya tonu, Kaka ta tafi suna maƙwabta. Inna ta ga gida ba kowa, sai ta zauna a tsakar gida ta ɓare ƙwan da kanta, ta raba biyu ta ɗora a tafin hannun yarinyar. Ina gefe ina tsinke zogale. Ƙanwata ta ci farin. Sannan ta ƙwaƙule gwaiduwar da 'yan yatsunta, ta sauka daga tabarma, ta ja gindi har inda nake, ta miƙo mini.

"Na Yaya."

Inna ta yi murmushi ta ce, "A'a, ci abinki, uwata." Yarinya ta maƙe kafaɗa. Inna ta taso ta kai mata baki, sai ta fashe da kuka tana nuna ni, "Na Yaya ne! Na Yaya ne!"

Murmushin Inna ya ɗauke. Ta juyo ta dube ni. Shekara takwas ina neman matar nan ta tsaya ta dube ni sosai, sai ranar na samu.

"Tun yaushe?"

"Tun noman farko," na ce.

Ba mu san Kaka ta dawo ɗaukar goronta ba, tana tsaye bakin zaure ta ga komai. Ta tako a hankali, ta dubi ɓawon ƙwai, ta dubi Inna, ta dube ni.

"Mi na ce maku? Ƙwai na sa sata. To ga ta nan zaune gabanku."

Ta sunkuya ta ɗauki yarinyar, ta danna ƙafarta, ta daɗe tana kallon ramin. Sannan ta ce wa Inna, "Tunda satar ta riga ta hwaɗa kan waccan, wagga sai ta ci. Ni zan riƙa ba ta."

Inna ba ta dake ni ba. Ko zagi ba ta yi ba, ta kwashe ɓawon ta shiga ɗaki. Da ma ta dake ni.

Kaka ta sha fama, don yarinya ta ƙi gwaiduwa ƙememe. Ko ta karɓa sai ta waiga tana nemana. Dole aka koma murje ta cikin kunun gyaɗa, a ba ta ba ta sani ba. Kumburin ya saɓe a hankali, gashi ya fara baƙi. Ranar da aka fara cirar gyaɗa ta kama ƙafar rumbu ta miƙe, ta yi taku uku. Gida ya ɗauki guɗa. Na yi murna, Allah ya sani, amma daga nesa na yi ta.

Ta rayu, sai dai ba ta yi tsawo ba, har yau kanta bai kai kafaɗata ba. Mutane na cewa halitta ce. Ni ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya, Inna da Kaka duk sun riga mu gidan gaskiya, ba wadda ta taɓa tayar da maganar.

Yanzu tana Batsari cikin jikokinta, waɗanda ke cin ƙwai da safe ba wanda ya ce musu ɓarayi. In na je kwana, da kanta take dafa mana ƙwai. Ta ɓare nata, ta ci farin, ta ƙwaƙule gwaiduwar ta ɗora a kwanona.

"Ungo, Yaya. Ni tun da nake ban son ta, ban san dalili ba."

Karɓa nake yi in ci, don in na ƙi za ta tambaye ni abin da ya sa.