Daga Rusairis Zuwa Madani da Katin Ta'amin

Ƙarshen damina ne, riɗi ya fara ja a gona, kowa na jiran yanka. Shekarar ta zo mana da ƙunci, amma muna da abu ɗaya da muke taƙama da shi: katin ta'amin, wanda aka ce mai shi ba ya biyan kuɗin aiki a asibiti. Da diktan Damazin ya ce tsakuwar da ke marar ɗana na fari sai an fiɗe ta a Madani, katin nan na ƙulle a bakin zane.

Tashi

Bayan sallar asuba muka fito, ni da yaron da Inna Kulu, uwar mijina. Mijina ya tsaya gadin gona. Tun da na haifi yaron nan, shekara goma sha uku, ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba na zama kusa da shi gaban mutane. Kunyar ɗan fari haka take a wurinmu. Don haka Inna ta rungume shi a kujerar gaban hafila, motar fasinja, ni ina can baya ina jin nishinsa a kowane rami.

A shingen bayan Damazin soja ya leƙo. "Wanga yaro na wa ne?"

"Nawa ne, mijina ne ma," in ji Inna. "Ko kana kishi?"

Ya yi dariya ya ɗaga sanda.

Abu Na'ama

Da hantsi muka tsaya a garin Abu Na'ama. Na sayi ful, wato dafaffen wake, da gurasa da shayi, yaron ya kasa ci. A nan Alhaji Sani, ɗan kasuwar garinmu, ya tarar da mu zai tafi Sinnar. Ya ce in kuɗi sun yanke mana, a kira shi, zai sayi riɗinmu tun yana tsaye. Kowa ya san cinikin nan: rabin farashi, kuma gida ya shekara babu abin sayen dawa. Na ce masa muna da kati.

Madani

La'asar muka shiga. Muka sauka wurin Ladi, ɗiyar ƙanwar Inna, da ke sayar da kisra, wainar dawa, kusa da asibiti. Da safe aka karɓi katin ba gardama. Da aka zo shiga da yaron, wata sista ta tsaya a ƙofa tana tambayar ina uwarsa. Na sunkuyar da kai na fita baranda. Inna ce ta shiga, ita da Larabcinta bai wuce na gaisuwa ba. Ni da na yi makarantar manya, na iya karatu da tambaya, ina waje ina jan carbi.

Aikin ya yi kyau. Suka nuna mana tsakuwar, kamar ƙwallon dabino.

Ranar sallama aka tura mu tagar biya. Ma'aikacin ya ce asibitin yana cikin ta'amin, mai fiɗa ma yana ciki, amma mai banj, wanda ya sa yaron barci, daga waje aka kira shi domin nasu ya tafi hutu. Kuɗinsa a kanmu. Da ya faɗi adadin, na ga riɗinmu gaba ɗaya a buhunan Alhaji. Ya ce yaron ba zai fita ba sai an biya.

"Inna, sun gaya miki?"

"Sun yi ta ratata, na ce to. Mi kike so in ce, wuƙa na jiran jikana?"

Ladi ta miƙo min wayarta. "Yaya, ki kira Alhajin kawai. Nan ba a jayayya. An daɗe ana cewa majalisar wilaya, wato ta jiha, za ta yi doka a riƙa gaya wa mutum kafin a taɓa shi. Har yau magana ce."

Na karɓi wayar na dube ta. Sannan na mayar mata, na tambayi ofishin mudir, shugaban asibitin.

Na zauna a benci har aka yi azahar kafin ya ce in shigo. Inna ta biyo ni. Ya dubi mu biyun ya ce wace ce uwar.

Na ce, "Ni ce. Ni na haifi Usmanu."

Na ji Inna ta ja numfashi a bayana.

Na ce masa a hankali: mun zo inda kati ya ce mu zo. Yaro yana kwance, bai zaɓi mai sa shi barci ba. Tsohuwa ba ta jin abin da aka faɗa. Da an ce mai banj na waje ne, da na tambayi yaushe naku zai dawo. Ya ce ai an nemi uwar ba a gan ta ba. Na ce gaskiya ne, ina baranda, taku goma daga ƙofa, amma ko da na shiga, da an faɗi kuɗin? Ya kira wani a waya suka yi ta magana. A ƙarshe ya ce asibiti zai ɗauki rabi, fiye da haka ba shi da iko.

Na cire 'yan kunnen zinariyar aurena, Ladi ta kai kasuwa. Suka biya ragowar, da ɗan canjin mota.

Komawa

Da gari ya waye muka kama hanya, a hafila Inna ta shiga baya, ta bar min kujerar gaba. Yaron ya ɗora kansa a kafaɗata har Singa. Magariba muka iso gida, riɗi na nan tsaye. Na gode wa Allah, na gode wa Ladi.

Inna na kwance kayanta ta ce, "Marar kunya. Da ba ki yi ba, da ni na ci miki mutunci."

Washegari da na gama shara na yafa tobina na tafi gidan Hajja Amina, wadda ke kai kukan matan unguwa wurin wakilinmu na majalisa. Ta ce in faɗa mata daga farko, ta tambayi sunan mara lafiyan. Na faɗa mata, ban sunkuyar da kai ba.