Wayar Azurfa da Kunnen Baba Nomau

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi. Abin da nake so ku samari ku sani shi ne, kafin a kira ni ɗan damfara mai gyaran rediyo ne ni, kuma na iya aikina. A Bakura aka haife ni. Iyayena sun rasu ina ƙarami, na tashi a gidan kawuna, inda ake ba ni tuwo amma ba a hira da ni. Da na koyi gyara sai na koma Talata Mafara na kama ɗan shago kusa da kasuwa, ina kwana a ƙuryarsa. Ba mata, ba aboki. Abu ɗaya Allah ya ba ni, shi ne kunne. Rediyo na kuka a ƙofar shago zan gaya maka abin da ke damunta kafin in buɗe ta.

Lokacin aikin madatsar ruwa ta Bakolori garin ya cika da baƙi, direbobi da akawuna da leburori, kowa ya karɓi albashi sai ya sayi rikoda. Wata rana wani Bature injiniya ya zo da direbansa, riƙe da hedifon, abin nan mai kofuna biyu da ake kifawa a kunnuwa don mutum ya ji sauti shi kaɗai. Wayarsa ce ta tsinke a gindi. Direban ya fassara mini cewa kada in kuskura in sa masa wayar kasuwa, domin tasa jan ƙarfe ne tsantsa da aka wanke da ruwan azurfa, wai kowace waya ban da ita kashe sauti take yi. Na ce to. Da na haɗa na kifa shi a kaina don gwaji, sai na sa kaset ɗin waƙa na kunna. Na ji mawaƙin yana jan numfashi kafin ya buɗe baki, na ji yatsan makaɗi yana zamewa a kan tsirkiya. Ban taɓa sanin akwai irin wannan a cikin kaset ba.

Sata ta farko da na yi ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Na yanke taƙi ɗaya daga wayar Bature na jefa a aljihu, na ce wa kaina ai ba zai lura ba. Bai kuwa lura ba. Karo na biyu da ya aiko da hedifon ɗin gyara, an yi masa canjin wurin aiki kafin ya karɓa, da direbansa ya zo sai na rantse masa cewa ɓarayi sun shiga shago. Ya kalle ni ya tafi. Daga ranar nake zama a ƙofar shago da kofunan nan a kunne, masu wucewa su yi sallama ban ji ba, har suka gaji suka daina.

Tunda abin ya zama nawa, sai na zauna na gwada maganar Bature. Na sa wayarsa na saurara, na cire na sa wayar tsohuwar fanka na saurara. Gaskiya ita ce, waya mai kyau ba ta karyewa da wuri, ba ta ƙarar ƙas-ƙas idan ka motsa, kuma idan waya ta yi tsawo da siranta da yawa sauti yakan ragu. Amma in ka rufe mini ido, ni da nake taƙama da kunne, ba zan rantse wacce ce ta azurfa ba. Daɗin sautin yana cikin kofunan, da kyawun haɗi, da kuma kan rikoda, ɗan ƙarfen nan da zaren kaset yake gogawa. Idan ya yi dauɗa, ko ɗan notin da ke gefensa ya karkace, murya sai ta fito kamar mutum yana magana a cikin randa. Auduga da sifirit da juyin sukundireba, shi ke nan magani.

A nan shaiɗan ya ba ni shawara, ni kuma ban yi masa gardama ba. Ma'aikatan dam sun fara sayen ƙananan hedifon masu araha don su yi kama da Turawa. Duk wanda ya zo sai in ɗora masa nawa a kai ya ji, in nuna masa taƙin wayar nan yana ƙyalli, in ce sirrin ke nan. Ba a sayar da ita a ƙasar nan, amma in ya kawo azurfa ina da maƙeri a Gusau mai jan ta ta zama waya. Suka yi ta kawowa, zobba da mundaye, wani har da 'yan kunnen matarsa. Ni kuwa sai in shafe jan ƙarfe da dalma ya yi fari, in zura shi cikin roba. Kafin mai kaya ya dawo na goge kan rikodarsa na daidaita noti. Ya kifa a kunne ya ji sauti ya washe, ya yi ta jinjina kai yana cewa lallai azurfa azurfa ce. Azurfarsa kuwa tuni na sayar a Gusau.

Mutum ɗaya ne yake zama wurina ba don gyara ba, wani dattijo mai sayar da igiya daga Maradun, Baba Nomau. Kowace Talata idan kasuwa ta fara watsewa sai ya zo ya zauna a bencina, ya raba goro biyu ya miƙo mini rabi. Ɗana yake ce mini. Kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya, ni kuma ba mai yawan magana ba ne, don haka zamanmu ya zo daidai. Ina jiran Talata kamar yadda wasu ke jiran sallah, ko da yake ban taɓa gaya masa ba.

Gonarsa tana cikin waɗanda ruwan dam ya shanye. Bayan haka ɗansa Sani ya ce zai tafi Kurmi neman aiki, uban ya hana, suka yi ka-ce-na-ce, yaron ya fita ba sallama. Daga baya ya aiko da saƙo a kaset ta hannun wani direban goro, kamar yadda mutanenmu da ba su iya wasiƙa ba suke yi a lokacin. Ba a daɗe ba labari ya zo cewa mota ta kashe shi. Baba Nomau ya sayar da akuyarsa ya sayi rikoda, amma muryar tana fitowa a dushe, ga nauyin kunne. 'Yarsa Ige da maƙwabta sun ce masa yaron gafara yake nema a ƙarshen kaset ɗin. Bai yarda ba, yana ganin lallashinsa suke yi.

Wata Talata ya zo da rikodar a naɗe cikin tsumma, da wani ɗan hedifon da aka ba shi, da munduwar azurfa ta marigayiya matarsa. Ya ji labarin wayata a kasuwa.

Ya ce, "Ɗana, ba ni son hwaɗin kowa. So nikai in jiya da kunnena, ko kalma guda ta, in san ko yaron ga ya tahi da hushina."

Da ya tafi masallaci sallar la'asar na sa kaset ɗin. An ɗauke shi ne a wata rikoda mai karkataccen kai, shi ya sa ya dushe. Na goge, na juya noti, na kifa hedifon ɗin Bature. Muryar Sani ta fito tar kamar yana zaune a benci. Ya gaida kowa da suna, ya ce kada a sayar da jaki, ya ce uban ya daina zuwa bakin ruwa yana kallon inda gona take. Sai na ji ya haɗiye yawu, ya ce Baba ya yafe masa, bai kyauta ba. Na ji wannan da kunnena. Aikin bai kai tsawon alwala ba, kuma da na ɗora wa tsohon hedifon ɗina a ranar da ya ji. Amma ya taɓa gaya mini cewa mundayen matarsa guda biyu ne. Na mayar da notin baya rabin juyi.

Talatar da ta biyo na ba shi hedifon ɗinsa da farar waya a kunne ɗaya. Ya saurara, fuskarsa ta canza, ya ce ya ji sunan Ige, ya ji an ce jaki, sauran kuwa kamar daga ƙasan rijiya. Na ce masa ai kunne ɗaya aka yi wa aiki, sai an yi wa ɗayan. Ya yi mini addu'a har na rasa inda zan sa idona. Na ci goronsa kuma.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne damina da gumi. Wani direban tifa da na yi wa waya ya ga gindinta ya yi kore. Yayansa kuwa maƙerin farfaru ne a Bakura, mutumin da ya tsufa yana narka azurfa. Ya duba sau ɗaya ya ce azurfa baƙi take yi idan ta tsufa, ba ta yin kore, ya kankare da wuƙa sai ga jan ƙarfe. Ranar Talata suka zo da ɗan sanda da wasu mutum biyar da na cuta. Baba Nomau yana benci, munduwa ta biyu tana hannunsa. Bai ji abin da ake faɗa ba, ya ga dai an shaƙe wuyan rigata, sai ya miƙe da sandarsa ya shiga tsakani yana cewa su sake masa ɗa. A gabansa aka sa mini ankwa.

A kotu ban yi musu ba, ga wayoyi an baje a tebur, ga hedifon ɗin Bature. Alƙali ya ɗaure ni shekara uku. A gidan yari na Sakkwato babu wanda ya taɓa zuwa dubana, kuma ban yi tsammanin wani ba. Hayaniya ba ta ƙarewa a wurin, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na can ba. Duk ranar Talata bayan la'asar sai in tuna da tsohon da goronsa. Abin da na riƙe shi ne, ranar da na fita zan je Maradun in juya notin nan, rabin juyi ne kawai ya rage. Da wannan na yi ta roƙon Allah ya ja kwanan tsohon.

Allah ya karɓa, na same shi da rai. Na sayi batir, na ari sukundireba, na bi tambaya har sabuwar unguwar da aka mayar da su. Yana zaune a zaure yana tufka igiya, ya rame. Na yi sallama sau uku bai ɗago ba. Ige ce ta leƙo, ta gane ni, ta tsaya kallona kamar za ta tofa mini yawu. Ta ce tun bara kunnen ya rufe gaba ɗaya, ko tsawa ba ya ji. Ta ce ta yi ta gaya masa cewa cutarsa na yi, tun yana ɗan ji, ya ce ƙarya ake yi mini. Sai ya ɗago ya gan ni, ya yi murmushi, ya laluba aljihu ya raba goro.

Na roƙi Ige ta fito da rikodar. Na goge kan, na juya notin, na kunna. Muryar Sani ta cika zauren. Ige ta toshe bakinta da gyale ta juya baya. Na ɗora wa tsohon hedifon ɗinsa mai koriyar waya, na ƙure sauti har kofunan suna rawa a hannuna. Ya rufe ido ya daɗe. Ya buɗe ya dubi fuskata, ya dubi 'yarsa.

Ya ce, "Shina magana?"

Na gyaɗa kai.

"Mi yac ce?"

Na sa bakina a kunnensa na faɗa da iyakar ƙarfina cewa ya ce a yafe masa. Na faɗa cewa ni ne na hana shi ji, babu wata azurfa, ƙarya na yi. Na maimaita har muryata ta shaƙe. Yana dai kallon leɓɓana. Daga nan ya cire hedifon ɗin a hankali, ya shafa wayar da babban yatsa, ya dafa gwiwata.

Ya ce, "Kak ka damu, ɗana, ba laihinka na ba. Kunne guda anka yi ma aiki. Ige ta ɓoye munduwag ga ta biyu, da na ba ka ka ƙarasa."

Ya rasu kafin kaka. Ya tafi bai ji ɗansa ba, bai kuma ji ni ba. Na tuba ga Allah, na bi waɗanda na cuta ɗaya bayan ɗaya, wasu sun yafe, wasu sun rufe mini ƙofa, kuma duka suna da gaskiya. Amma mutumin da na fi bukatar ya san abin da na yi masa, ya mutu yana ganin ni mutumin kirki ne. Wannan ya fi mini shekara ukun nan ciwo.

Yanzu na tsufa, ina gyaran abin da ya samu, ni kaɗai kamar yadda na fara. Samari suna zuwa shagona da wayoyin kunne masu tsada suna gardamar wacce ta fi fitar da sauti, in ce musu su sayi mai ƙwari su bar sauran magana. Ku da kuke koyon sana'a, ku ji ni. Duk wanda ya kawo maka kayansa, ya kawo ne don ka san abin da bai sani ba, kuma wannan sanin amana ce. Kada ka yanke ko taƙi ɗaya na abin da ba naka ba, ni daga nan na fara. Idan aikin mutum na ɗan lokaci ne, ka yi masa yau ka gaya masa gaskiyar abin da ka yi. Ni na ajiye rabin juyin noti sai wata Talata, kuma da na dawo in ƙarasa babu sauran kunnen da zai ji.